Gwanin Yanka Rezo

Duk wayar da ta hau wifi sai an ba ta lamba, irin su 192.168.1.37. Lambar nan kashi biyu ce a haɗe: gabanta sunan unguwa, bayanta lambar gida, kamar ka ce Kara-Kara, gida na 37. Mai nuna inda unguwa ta ƙare gida ya soma ita ce wata lamba ta biyu da masu aikin ke kira mask, wadda aka fi gani 255.255.255.0. Gwani shi ne wanda ya iya matsar da wannan iyaka yadda ya ga dama.

Ɗauki mai sayar da tikitin wifi a bakin titi. In ya bar akwatin wifinsa yadda ya sayo shi, lambobi 256 ke hannunsa, 254 ne masu amfani, domin ta farko sunan rezon ce, ta ƙarshe kuma ta shela. Kowa na tsakar gida guda: wayoyin samari, kwamfutar da ke buga tikiti, har kyamarar shago. Shelar da waya ɗaya ta yi kowa sai ya ji, mai ɗan wayo kuma yana iya leƙa lissafin maigida.

Sai a kira gwani. Ya zaro biro, ya juya bayan kwalin shayi, ya maida sifilin ƙarshe na mask ɗin 192. Ya cire 192 daga 256, saura 64. Shi ke nan, fili ya tsage huɗu: daga 0, daga 64, daga 128, daga 192, kowane yanki na ɗaukar na'ura 62. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya rabon daidai-wa-daida in bukata ba ta zo daidai ba. Masu tikiti sun fi yawa, ya ba su rabi, 126. Makarantar maƙwabta ya yankar mata 62, shago ya samu 30, ragowar ya ajiye don gobe. Babba yake fara zaunarwa kafin ƙarami, don kada yanki ya hau kan yanki. Daga nan ya sa wa akwatin doka: wannan ɓangare ba ya shiga wancan.

Dabarar ta tsufa, tun 1985 aka rubuta ƙa'idarta a Amurka, a 1993 kuma aka sake ta yadda za a yanka kowane girma. Tattali ne ya sa, domin lambobin duniya na wannan tsari biliyan 4.3 ne kacal, kuma babban rumbunsu ya ƙare a Fabrairun 2011.

Duniya ta san unguwar Kara-Kara ta fim ɗin Aïcha Macky na 2021, da samarinta masu ɗaga ƙarfe. Ina son in ga wasunsu sun kama wannan sana'a, don koyonta ba ya jiran wutar lantarki. Saurayin da ya haddace 128, 192, 224, 240, 248 da 252 zai iya yanka rezon asibiti guda da alli a jikin bango, tun bai taɓa waya ko ɗaya ba.