Jirgi Ɗaya, Awo Biyu

Masu haɗa ƙananan jiragen sama da ake tuƙawa da rimot suna da al'ada kafin tashin farko: a ɗora jirgin bisa yatsu biyu, ɗaya a kowane fiffike, a ga inda zai rinjaya. Cibiyar nauyi ake nema, kuma galibi tana tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na faɗin fiffike, in an auno daga bakinsa na gaba. Jirgin da fiffikensa ke ƙasan ciki kife shi ake yi, don nauyin ya rataya maimakon ya yi ta tangaɗi. Idan tankin mai yana gaba, ana awon babu mai a ciki. Na lantarki kuwa da batirinsa a mazauninsa.

Duk wannan daidai ne muddin tayoyin a kafe suke. Da zarar an sa masu naɗewa, awo ɗaya ya daina wadatarwa, amma da yawa ba su sauya hali ba.

Abin lura shi ne inda tayar ke nufa in ta naɗe. Ta jirgin P-51 Mustang ciki take shigewa ta gefe, ta jirgin Spitfire kuma waje take yi. Duka biyun ba sa taɓa rinjayen gaba da baya sosai. Amma P-40 Warhawk da F4U Corsair, jiragen yaƙin Amurka da ake yawan kwaikwayo, ƙafafunsu baya suke komawa, tayar ta juya digiri 90 ta kwanta cikin fiffike. Ɗauki jirgi mai kilo 4, wanda ƙafafunsa da tayoyinsa suka kai giram 300, nauyinsu ya ja baya da santimita 10. Cibiyar ta gusa da milimita 7.5 ke nan. A fiffike mai faɗin santimita 30, duk tazarar da ake da ita ba ta wuce milimita 24 ba. Kusan sulusinta ya tafi da taɓa maɓalli ɗaya, jirgi na sama, a daidai lokacin da matuƙi bai gama sanin halinsa ba.

Masu sana'ar kan ce mai nauyin hanci zai tashi ko da da ƙyar, mai nauyin wutsiya kuwa tashinsa ɗaya ne. Gaskiyarsu. In nauyi ya koma baya, ɗan motsin yatsa sai jirgi ya ɗaga kai ya kuɓuce. Shi ya sa ake cewa a auna da tayoyi a naɗe. Sai dai ban yarda a haddace wannan kamar karatun allo ba, domin akwai jiragen da tayar gabansu gaba take naɗewa, haɗarinsu yana wajen sauka. A auna sau biyu, a naɗe da a sauke, a daidaita bisa wanda ya fi rinjaya baya. A fara da matsar da batir kafin a ɗauko dalma, don ƙarin nauyi ƙafafun ne za su biya shi.

Abin da ya fi damuna shi ne mai jirgin da ke kifawa da hanci a filin ciyawa, sai ya mai da nauyi wutsiya don ya huta. Ya gyara tafiyar ƙasa, ya ɓata ta sama. Maganin a ƙafafun yake: a karkato su gaba kaɗan, ko a sa taya mai girma in ramin fiffiken zai ɗauka.