Jinjina ga mawaƙan bayan labule

Mai bincike ya san takaici. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar gwaji, kuɗin aiki su maƙale a ofis wata da watanni, sannan maigida ya ɗora sunansa a kan takardar da ko layi ɗaya bai rubuta ba. Ban yi mamaki ba da na ga wasu masu binciken, in rai ya ɓaci, waƙar Indiya suke kunnawa.

Ai mawaƙan nan ma sun sha irin wannan. Su ke rerawa a situdiyon Bombay, ɗan wasa ya motsa baki, tafi ya tafi wurinsa. A 1949, faifan waƙar da Lata Mangeshkar ta rera a fim ɗin Mahal ya fito da sunan Kamini, matar da ke cikin labarin, ba nata ba. Sai da masu sauraron rediyo suka dame da tambaya kafin sunanta ya bayyana. Mohammed Rafi kuwa ya ara wa 'yan wasa Dilip Kumar da Shammi Kapoor murya, kowa da irin tasa.

Rafi ya rasu a 1980, Lata a 2022. Har yau ana kunna waƙoƙinsu a Kano.