Littafin Frank Berto da Darasin Hawan Tudu a Kan Keke

Duk wanda ya taɓa sauka daga keke a tsakiyar tudu ya tura shi da hannu ya san matsalar da littafin The Dancing Chain ya ginu a kanta, ko da bai taɓa ganin bangonsa ba. Jagoran marubutansa shi ne Frank Berto, injiniya Ba'amurke da ya yi aiki a harkar man fetur, ya kuma daɗe yana rubutu kan giyar keke a mujallar Bicycling. Littafin ya fara fitowa a 2000, an sake buga shi sau da dama tare da ƙari, kafin rasuwar Berto a 2019. Babban kundi ne da ya ba da tarihin ƙaramar na'ura guda: masauyin giyan nan da ke rataye a gefen tayar baya, mai ɗauke sarƙa daga wani faifai mai haƙora ya ɗora ta a kan wani.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Berto ya mayar da giya lissafin da kowa zai iya yi. Ka ƙirga haƙoran farantin gaba inda feda take, ka raba da haƙoran faifan baya, abin da ya fito shi ne yawan juyin taya a kowane zagaye ɗaya na feda. Kekunan tsere na da sukan zo da faranti biyu, mai haƙora 52 da mai 42. Idan faifan baya mafi girma mai haƙora 21 ne, sarƙa kuma tana kan mai 42, taya za ta juya sau biyu a zagaye ɗaya, wato kimanin mita 4.2. A fili wannan daɗi ne, amma a tudu gwiwa ce ke biyan kuɗin. Sa ƙaramin faranti mai haƙora 24 a gaba da faifai mai 32 a baya, sai zagaye ɗaya ya koma kusan mita 1.6. Tsayin tudun bai ragu ba, an dai rarraba aikin ne, kamar mai buhun gero da ya kasa shi gida uku ya kwashe ba tare da ya karya bayansa ba.

Daga wannan lissafi ne tarihin ya samu armashi, domin ya nuna cewa matafiya ne suka riga 'yan tsere gane gaskiya. A garin Saint-Étienne na Faransa, Paul de Vivie, wanda aka fi sani da Vélocio, ya shafe shekaru yana kare keke mai giya da yawa a mujallarsa Le Cycliste, don shi burinsa ya haye duwatsu ya isa da sauran ƙarfinsa. Henri Desgrange kuwa, wanda ya kafa gasar Tour de France a 1903, yana ganin sauya giya ragwanci ne. Saboda haka zakarun wancan zamani sukan sauka a gindin dutse, su kwance tayar baya, su juya ta ɗaya gefen mai faifai mafi girma, sannan su ci gaba. Sai a 1937 aka yarda manyan 'yan gasar su yi amfani da masauyin giya, shekarar da Roger Lapébie ya lashe ta. Mai karatu zai ga cewa girman kai ya tsare hanya fiye da yadda rashin fasaha ya tsare ta.

Berto bai ji tsoron manyan sunaye ba, kuma nan ne darajarsa ta fi fitowa. A lokacin da mahaya ke ɗaukar kayan Campagnolo na Italiya a matsayin ƙarshen kyau, shi gwaji ya yi da awo, ya nuna cewa masauyin SunTour na Japan, mai araha, ya fi shiga giya sumul. Sirrin yana cikin ƙirar da injiniya Nobuo Ozaki ya fito da ita a 1964: ya karkatar da jikin na'urar yadda za ta riƙa bin faifan a kusa da kusa, daga ƙarami har babba. Wannan ya taimaki mai hawan tudu ƙwarai, tunda shi ne ke buƙatar manyan faifai. Da wa'adin haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare a 1984, kamfanin Shimano ya ɗauke ta ya haɗa da giya mai ɗan ƙas da ke tsayawa daidai wurinta, ya mamaye kasuwa, SunTour kuwa ya yi ta ja da baya. Berto ya ba da wannan labari cikin adalci, da tausayin wanda ya ga mai fasaha ya shuka wani ya girbe.

Zane-zanen Daniel Rebour, Bafaranshen da ya ƙware wajen zana kayan keke da alƙalami, sun ƙara wa littafin kwarjini. Kowace ƙusa da kowane haƙori a bayyane suke, har mai gyaran keken da ba ya jin Turanci zai iya buɗe shafi ya gane yadda na'urar ke aiki.

Duk da haka littafin yana da nauyin da ba kowa zai ɗauka ba. Babobin ƙarshe sun koma jerin samfura shekara bayan shekara, labari ya yi sanyi, sunaye da lambobi suka yi yawa. Awon da Berto ya saba da shi na inci ne, wanda zai sa mai tunani da mita tsayawa yin juyi. Babban giɓin a wurina shi ne idonsa yana kan Faransa, Italiya, Ingila, Amurka da Japan, a kan masu hawa don nishaɗi ko gasa. Keken aiki, irin Raleigh da Phoenix mai giya ɗaya da ke ɗaukar jarkoki da itace da buhuna a garuruwanmu, ba shi ne abin da ya dame shi ba. Alhali mai dakon kaya a tudun Jos ya fi kowane ɗan yawon shaƙatawa buƙatar giya mai taushi.

Amma darasin yana isowa gare mu, musamman yanzu da kekuna masu giya na gwanjo suka cika kasuwa. Mai saye yakan tambayi giya nawa ce, ya ji 18 ko 21 ya yi murna. Tambayar da ta fi amfani ita ce: wace ce mafi taushi? A duba ƙaramin farantin gaba da babban faifan baya. Idan haƙoransu sun yi daidai, ko na baya sun fi yawa, keken zai hau tudu da kaya. Idan za a sauya faifai zuwa babba, a tabbatar hannun masauyin dogo ne, sarƙar ma ta kai tsawo. Kuma a sauya giya tun kafin tudu ya kama ƙafa, domin sarƙar da aka danne da ƙarfi ba ta son matsawa. Sannu ba ta hana zuwa, kuma ƙafar da ke juyawa da sauƙi ta fi wadda ke turjiya nisan zango.

Ina ba masu gyaran keke, da ɗaliban injiniyanci, da duk mai son sanin yadda ƙaramar dabara ke yaƙi da al'ada shawarar su nemi wannan littafi. Ba sai an karanta shi daga farko zuwa ƙarshe ba. A fara da babobin Faransa da na Japan, sannan a je a ƙirga haƙoran keken da ke gida.