Masu Ido a Bakin Fili

A unguwar Jambutu ta Garwa, da la'asar sakaliya, yara na buga ƙwallo ba takalmi, duwatsu biyu ne raga. Can gefe za ka ga tsohon ɗan wasa, gwiwa ta hana shi gudu, amma ido na nan garau. Bai damu da mai yawan yanka ba. Yaron da ke ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso masa, shi yake nema.

Irin waɗannan masu ido ne ke cika rumbun Coton Sport ta Garwa, wadda aka kafa a 1986. A hannunta Vincent Aboubakar ya taso, ya wuce Valenciennes ta Faransa a 2010, ya ci wa Kamaru ƙwallon da ta kayar da Masar a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2017.