Tsoro ne Ya Haifi Addini? Littafin Freud a Gonakin Bagwai

Ya mai karatu, idan ɗanka ya dawo daga jami'a ya ce maka tsoro ne ya haifi addini, kada ka yi saurin rufe masa baki. Maganar ta girme shi, kuma tana da nauyi. Wanda ya tsara ta da kyau shi ne Sigmund Freud, likitan ƙwaƙwalwa na ƙasar Ostiriya, cikin wani ɗan littafi da ya fitar a 1927, wanda a Turance ake kira The Future of an Illusion. Na fara karanta shi a makarantar tauhidi ina neman inda zan kama shi da ƙarya. Yanzu da furfura ta zo, na ga wajibi ne in fara da inda ya yi gaskiya.

A ganinsa, ɗan adam ya sami kansa ba shi da ƙarfi gaban fari da cuta da mutuwa. Ya tuna yadda yake ɓuya bayan mahaifinsa yana yaro, sai ya ƙago wa kansa wani Uba a sama domin hankalinsa ya kwanta. Manomin Bagwai ya san wannan rashin ƙarfi. Ya san yadda gaba ke faɗuwa sa'ad da gero ya fara fitar da kai, ruwa kuma ya ɗauke. Duk wanda ya shiga kwalekwale a ruwan madatsar Watari bayan hatsarin 30 ga Nuwamba 2021, inda mutane aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara, ya san addu'ar da baki ke yi kafin zuciya ta shirya. A nan ban da abin ce wa Freud.

Amma da ya zauna cikin Maguzawa, kakannin da yawa daga cikinmu, da lissafinsa ya rikice. Wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna da su a ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya buga littafinsa a 1946. Abin da ya tarar shi ne abin da tsofaffinmu suka faɗa mana: sun yarda akwai Allah bisa kome, amma ba su yi masa yanka. Jinin zakara da na akuya na iskoki ne, irin su Kure da Inna, kowace iska da launin dabbar da take so. Za ka ce ai sunan Allah daga maƙwabtansu Musulmi suka ji shi, kuma littafin Greenberg kansa a kan wannan tasiri yake. Na yarda. Tambayata tana nan duk da haka: in neman kwanciyar hankali ne kaɗai tushen, me ya sa suka riƙe Allah wanda ba su zuwa wurinsa neman kome? Iskokin kuwa da suke yi wa hidima, su ne ke jefa wa mutum ciwo in ya yi sakaci. Mutumin da ke tsoron fari ya ƙara wa kansa tsoron gindin tsamiya da bakin rafi. Mai neman barci ba ya ƙago abin da zai hana shi barci.

Rauni na biyu Freud da kansa ya amsa shi, domin ya rubuta cewa abin da buri ya haifa ba lallai ne ya zama ƙarya ba. Ƙishirwa ba ta tabbatar da cewa akwai rijiya a gaba, haka nan ba ta tabbatar da cewa kawalwalniya ce. Bayyana dalilin da ya sa mutum ke kira bai gaya mana ko akwai mai amsawa ba. Ga shi kuma Littafi Mai Tsarki bai yi kama da abin da matsoraci zai rubuta wa kansa ba. Ayuba bai sami amsar tambayarsa ba. An jefa Irmiya cikin rijiya saboda ya ƙi faɗa wa mutane abin da zai sanyaya musu rai. A Getsamani Ubangijinmu ya roƙi a kawar masa da ƙoƙon wahala, ba a kuwa kawar ba.

Inda littafin ya fi yi mini zafi, ƙaunatacce, shi ne cikin ikilisiya. Mun ƙone layu, sa'an nan muka koma sayen kwalbar mai da hankici daga hannun masu yi mana alkawarin cewa ba abin da zai taɓa mu. Wannan kam Freud ya zana shi daidai. Bara wata uwa ta zo mini da kwalba, ta ce, "Baba Fasto, ka sa masa albarka in shafa wa yarona kafin ya haye ruwa." Na yi addu'a tare da ita da yaron, na ce ya nemi rigar ruwa, kada kuma ya shiga jirgin da aka cika fiye da kima. Man dai ban sa masa albarka ba. Ta tafi ranta a ɓace, ni ma na kwana ina tunanin ko na yi mata tsauri.