Kifin Amurka da Dodon Goronyo

Wani dare cikin bazarar da ta wuce, lokacin da zafi ya kori kowa daga ɗaki, na tarar da ɗan ƙanwata da abokansa uku bisa tabarma a ƙofar gida, sun haɗa kai kan waya guda. Wani kifi ne ya cika fuskar wayar, baki buɗe kamar ƙofar gareji, yana bin mutane cikin ruwa. Yaron ya ɗago kai ya ce, "Kawu, wanga kihi gaskiya na?" Yaron da tun haihuwarsa bai ga ruwan da ya wuce gulbin Rima da damina ba, daga inda yake zaune zuwa bakin teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, amma ga shi yana tsuma don tsoron kifin teku.

Fim ɗin da suke kallo shi ne The Meg na 2018, wanda Jason Statham ya ja, ya kuma tara sama da dala miliyan 500. Asalinsa littafi ne da wani Ba'amurke, Steve Alten, ya fitar a 1997, ya yi ta yi masa ci-gaba har aka samu jerin littattafai, wasu marubutan kuma suka bi sahu. Kakansu duka shi ne Jaws na Peter Benchley, na 1974, sai dai kifin Benchley irin shak ɗin da ke yawo a teku yau ne. Alten ya ga wannan bai isa ba, sai ya tono megalodon, wani shak da ya ƙare tun kimanin shekara miliyan 3 da rabi, ya ce ai yana nan da rai, ya ɓuya a ramin Mariana, wurin da ya fi ko'ina zurfi a tekun duniya, kusan kilomita 11. Daga nan zaren labarin kusan ɗaya ne a ko'ina: masani ya yi gargaɗi, attajiri ya ƙi ji, kifi ya fito, a yi ta cin mutane har shafin ƙarshe.

Ni ba na cikin masu raina irin waɗannan littattafan. Na karanta na farkon cikin kwana biyu, har shayina ya huce ban sani ba. Ƙarya dai akwai ta jingim. An buɗe littafin da megalodon yana cinye dinoso, alhali tsakanin ƙarewar dinoso da bayyanar wannan kifin akwai fiye da shekara miliyan 40. Kuma dabbar da ta saba farautar manyan namun teku a ruwa mai ɗumi ba abin da za ta samu ta ci a wancan rami mai duhu. Amma ƙaryar tana tsaye ne bisa wani abu da za ka iya ɗauka da hannunka: haƙori. Ƙashin shak guringuntsi ne, ba ya daɗewa cikin ƙasa, haƙoransa ne ke saura, kuma na megalodon akan samu mai tsawon santimita 18, ya fi tafin hannun ƙato. Duk wanda ya ga wannan haƙorin, zuciyarsa za ta ƙera sauran kifin da kanta. Nan ne ƙarfin littafin yake, ba a yawan jinin da ake zubarwa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani rubutu da wani matashi ya turo mini in duba masa. Yana da hannu, Hausarsa ba laifi. Jaruminsa Bahaushe ne, amma daga shafi na uku ya sa shi cikin jirgin ƙarƙashin ruwa a tekun Fasifik, tare da Turawa masu suna irin na fim, suna gudun wani ƙaton shak. Ba ƙamshin gida ko kaɗan. Ko ruwan da yake siffantawa ka san a waya ya gan shi. Na tambaye shi me ya kai shi can. Ya ce, "To Malam, mu ina muka ga teku?"

Na yi dariya, don a kan teku yake zaune yana wannan tambayar.

Ƙasar Sakkwato tsohon gindin teku ce. Masana duwatsu sun tabbatar da cewa daga wajen shekara miliyan 70 zuwa miliyan 55 da suka wuce, wani reshen teku ya sha ratso Sahara ta Mali da Nijar ya malale wannan yankin. Farar ƙasar da ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti da ita, tarin ɓawon halittun wannan tekun ce. Wato bulon da aka gina ɗakin da matashin nan yake rubutu a ciki, da ragowar katantanwar teku aka haɗa shi. Wani abokina da ya karanta ilimin duwatsu ya taɓa ba ni wani ɗan dutse daga can, fari-fari, girman ƙwan zabo. Ka juya shi sai ka ga zanen ɓawo a jikinsa, layi-layi, kamar jiya aka dangwala shi cikin laka. Yana nan bisa teburina ina danne takardu da shi.

Ba katantanwa kaɗai ba. A 1934 wani masani ɗan Ingila, Errol White, ya wallafa bincike a kan ragowar kifayen da aka tono a lardin Sakkwato, har da haƙoran shak. Kafin shi, a 1930, William Swinton ya siffanta ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa daga nan yankin, dangin da ake kira mosaso: ƙadangarun teku ne masu filafilai maimakon ƙafafu, waɗanda suka ƙare tare da dinoso. Daga baya masana daga Florence ta Italiya suka zo suka samo ƙoƙon kanta, a 1972 Augusto Azzaroli da abokan aikinsa suka raɗa mata suna Goronyosaurus. Ka ji sunan? Goronyo ɗinmu dai, mai madatsar ruwa da albasa. Bakinta dogo ne siriri kamar na kada. A 1975 kuma aka sa wa wani tsohon kada na wannan tekun suna Sokotosuchus. Sunan garinmu na cikin littattafan kimiyya na duniya a jikin dodanni, mu kuwa muna aro na Amurka.

Kada wani ya ce na ce megalodon ya yi iyo a Sakkwato. Tekun ya janye da daɗewa kafin zamaninsa. Ba ma bukatarsa ne kawai.

Kuma ba yau alƙalamin Hausa ya fara wasa da abin al'ajabi ba. Ruwan Bagaja da Ganɗoki, duka na 1934, cike suke da aljannu da ƙasashen da ba a taswira. Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Tatsuniyarmu ta san dodon kogi, tarihin Daura ya san macijin rijiyar Kusugu, kuma babu ɗan makarantar allo da bai san ƙissar Annabi Yunusa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da kifin da ya haɗiye shi ba. Mai karatunmu ya daɗe da sanin tsoron abin da ke ƙarƙashin ruwa. Ka je Argungu ka ga yadda ake fito da giwan ruwa daga Matan Fada, mutum biyu na kokawar ɗaga shi, ka ji irin sowar da ake yi.

Na san abin da za a ce: kasuwar littafin Hausa ta soyayya ce, mata ne suka fi saye, wa zai biya kuɗi ya karanta labarin ƙashi? Akwai gaskiya a ciki. Amma yaran nan huɗu da ke kan tabarma ba soyayya ta tara su ba, kuma datar da suka ƙona kuɗi ce. Wani kuma zai ce maganar miliyoyin shekaru za ta jawo surutu. Wataƙila. Sai dai marubuci mai wayo ba lacca zai yi ba, labari zai bayar: direban katafila da ya buge wani abu a ramin farar ƙasa, Sarkin Ruwa da ya hana masunta shiga wani gurbi bayan madatsa ba tare da ya faɗi dalili ba, shanun da ke ɓacewa a mashaya ɗaya bayan ɗaya, ɗalibar jami'a da ta gane haƙorin da wani tsoho ke ɗaure da shi a laya. Ƙaryar ba za ta fi ta Alten girma ba, kuma mai karatu ya san hanyar, ya san ƙurar, ya san yadda mutanen ke magana.

Washegari na kira ɗan ƙanwata na miƙa masa dutsen nan nawa, na ce daga Kalambaina ya fito, kuma da can nan duk teku ne. Ya jujjuya shi, ya kankare zanen ɓawon da farce ko zai goge, bai goge ba. Ya dubi ƙasar tsakar gida, busasshiya har ta tsage, ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya ce, "Kawu, to ruwan ina ya tahi?"