Bita: xxd, ƙaramar manhaja mai tona cikin fayil

Ko mai shagon buga takardu a Zuru, ko ɗalibin Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke garin, duk mai rubuta Hausa a kwamfuta ya san wannan takaici: ka buga "ƙasa" ka tura, wanda ya karɓa ya tarar da "Æ™asa". Manhajar da na fi amincewa da ita wajen gano bakin zaren ita ce xxd, wadda Juergen Weigert ya rubuta a 1990, ake kuma rarraba ta tare da Vim, manhajar rubutu ta marigayi Bram Moolenaar.

Aikinta shi ne ta zayyano bayit-bayit ɗin fayil da lambobin heksa, wato ƙidaya mai tushe 16: daga 0 zuwa 9, sai a zuwa f, kowane bayit alama biyu. Miƙa mata "Zuru" a allon umarni, ta ba ka 5a 75 72 75. Miƙa mata ƙ, ta fito da c6 99. Harafin ɗ kuwa c9 97. Da ganin haka ka san fayil lafiyarsa lau a tsarin UTF-8. Manhajar da ta buɗe shi ce ta karanta da tsohon tsarin Windows-1252, ta raba harafi ɗaya gida biyu.

Inda ta sha gaban od, yayarta ta zamanin farkon Unix, shi ne komawa baya. Da "xxd -r" lambobin da ka gyara za su koma fayil na ainihi. Idan zallar lambobi ne babu jeri, sai ka haɗa da "-p". Tafiya da dawowa ke nan a manhaja guda.

Sai dai ba ta rasa aibi ba. A gefen dama, inda take nuna rubutu, haruffanmu masu lanƙwasa ɗigo-ɗigo suke fitowa. Kuma idan a wannan gefen ka yi gyara, "-r" za ta tsallake shi ba tare da ta ce uffan ba, abin da kan ruɗa sabon shiga.

Duk da haka aiki ne mai tsabta da ya cancanci yabo. Ina kira ga malaman kwamfuta a Zuru su saka xxd cikin darussan farko, domin ɗalibi ya ga da idonsa yadda na'ura ke adana harshensa.